Masu tashi daga gidan haya, ku daina kiranmu da tsakar dare

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da magidanta da iyalansu. Ni direban akori-kura ne a Kano, kuma rabin abincina daga kwasar kayan masu tashi yake fitowa. Daga Kurna zuwa Rijiyar Lemo, daga Ɗorayi zuwa Sheka da Hotoro, ba irin lungun da ban cusa mota ba. Kullum zancen ɗaya ne: kaya su lalace a hanya, a ce direba ne bai iya tuƙi ba. Alhali yawancin abin da ke fashewa tun a tsakar gida aka ja masa.

Babban abin da ke damuna shi ne tashin dare. Sai bayan isha'i mutum zai bugo waya ya ce, "Direba, yanzu nake so." Dalili? Ba ya son maƙwabta su ga kayansa. Wani tsoron baki yake yi, wani kunyar tsohuwar katifa, wani kuma, a faɗi gaskiya, mai shagon da ke binsa bashi yake wa ɓuya. Na farko da na biyu ina yi musu uzuri. Amma a duba yadda aikin ke kasancewa: an ɗauke wuta, yaro ɗaya na haskawa da fitilar waya, ƙarti biyu na kokawar fito da durowa mai madubi ta ƙaramin soro, ga kwata a bakin ƙofa ba mai ganinta. Ƙafa ɗaya ta zame, shi ke nan. Sannan in 'yan sintiri suka tare mota cike da firji da talabijin ƙarfe ɗayan dare, mai kayan ya riga ya yi gaba a babur, ni zan tsaya ina rantse-rantse. Kuma ba su yi laifi ba, aikinsu ke nan.

Abu na biyu, mu iso mu tarar ba a ɗaure ko tsinke ba. Gado a kafe, labule a rataye, tukunyar tuwon dare ko wanke ta ba a yi ba. Kafinta tun ana gobe ake kiransa, ya kwance gado da durowa cikin natsuwa, a zuba notuna da ƙusoshi a leda a ɗaure a jikin ƙafar gadon. Katakon zamanin nan da ake matsawa daga garin katako ba ya son ruwa, ba ya kuma jure yawan kwancewa da ɗaurawa. In aka fizge shi da gaggawa ramin ƙusar ya buɗe, ya tashi aiki.

Uwargida, ke nake roƙo a kan kayan fashi. Jakar Ghana-must-go ta tufafi ce da zannuwan gado da filo. Ta samo sunanta ne a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Ghana suka cusa abin da ya samu a ciki suka kama hanya. Su dole ce ta sa su. Ke da aka ba ki wata guda ko fiye, me zai sa ki zuba tangaran da kofunan gilashi a jakar da ba ta da ƙashi? A aika yaro kasuwar Singa ko wurin mai shagon unguwa ya samo kwalaye. A naɗe kowane faranti da tsohon zane ko tawul, a jera su a tsaye ta gefensu, ba a ɗora wani kan wani ba, a cike gurbin da tsumma har in an girgiza kwalin ba a ji ƙara ba. A rubuta abin da ke ciki a jiki, don ɗan dako bai san gaibu ba, zai iya ɗora turmi a kai. Galan ɗin manja kuwa a sa leda a bakinsa kafin a murɗa murfi. Na ga farar shadda ta sha manja, mai ita har kuka ta yi.

Firji a cire shi daga wuta tun jiya ƙanƙara ta narke, a ɗauke shi a tsaye, in an isa a bar shi ya huta wasu awanni kafin a jona. Janareta a tsiyaye masa fetur. Tukunyar gas a rufe ta, ta tafi a tsaye. Katifa a shanya ta a rana, a duba ɗinkinta, kar a yi wa kuɗin cizo rakiya zuwa sabon gida. Gwal da kuɗi da takardun makaranta da rasit ɗin haya ba kayan bayan mota ba ne, su zauna a jakar hannun mai su. Ba na son a zo daga baya ana kallona ni da yarana.

Sai maganar kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kowane sawu da nauyinsa. Amma har yanzu ana sa ni komawa sawu na uku don kwalla da samira da kulolin jere waɗanda tun ranar biki ba a buɗe su ba, da mataccen rediyo da kujerar da ƙafarta ta karye. Maigida, ban ce ka zubar ba, kayan ɗaki na matarka ne, iyayenta suka sha wahalar saye. Ku zauna tun da sauran lokaci, ita ta ware abin da za ta kyautar, abin da za a ba 'yan gwangwan, da abin da zai bi ku.

In za ku kira mu, ku faɗa mana gaskiyar yawan kayan, da ko mota na shiga lungun ko sai an nemi mai baro. In damina ce a tambayi direba ko yana da tamfol. A sa lokaci bayan sallar asuba, gari ya waye, hanya ba cunkoso, kuma mai kaya ya shigo gaban mota mu tafi tare.

Naku,
Wani direban akori-kura,
Kurna, Kano.