Wasiƙar Godiya ga Shagon da Ya Tayar Mini da Kwamfuta Bayan Filashin BIOS Ya Katse

Zuwa ga Malam mai shago, da injiniyoyinsa, da yaran da ke koyon aiki a hannunsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a?

Na riga na yi muku godiya baki da baki ranar da na karɓi laftof ɗina, amma zuciyata ba ta gamsu ba. Aikin da kuka yi a kan teburinku ba wanda ya gani sai ni da ku, kuma irinsa ne ya kamata mutane su ji labarinsa, musamman waɗanda ke zaune yanzu da kwamfutar da aka ce musu ta mutu murus.

Ga waɗanda ba su san abin da ya faru ba: kwamfutar tana cikin sabunta BIOS ɗinta ne, wato manhajar da ke tayar da ita (wannan sabuntawar ake kira filashin), wuta ta ɗauke, batirinta kuma ya riga ya tsufa, bai iya riƙe ta ba. Daga nan duk lokacin da na danna maɓallin kunnawa sai fitila ta kama, fanka ta yi ta gudu da ƙarfi, fuska kuwa baƙi ƙirin, ko tambarin kamfani ba ya fitowa. Inda na fara kai ta kafin in zo wurinku, magana ɗaya aka faɗa mini: madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke jone a kansa, ta tafi, sai an canza. Ba na zargin kowa da ƙarya, domin canza madabod yana magance matsalar. Sai dai magani ne mai tsada ga ciwon da bai kai haka ba, kuma ku ne kuka fara nuna mini hakan.

Malam, ba zan manta da tambayarka ta farko ba, tun kafin a taɓa sukurudireba. Ka ce, "Me ke cikinta wanda ba ka da shi a wani wuri?" Na ce rubuce-rubucen aikina na shekaru da takardun ɗalibaina. Ka kwantar mini da hankali cewa waɗannan suna cikin ma'ajiyar SSD, wadda ba ruwanta da abin da ya lalace. Sannan ka tambaya ko an kulle ma'ajiyar da BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanai. Ka bayyana mini cewa ƙwayar tsaro ta TPM tana lura da manhajar da ke tayar da kwamfuta, idan ta ga ta canza tana iya ƙin sakin makulli, sai an shigar da lambar ceto mai alƙaluma 48. Ka sa na buɗe asusuna na Microsoft a waya, muka nemo lambar, na kwafe ta a takarda da hannuna. Ban manta ba cewa ka kau da kai lokacin da nake sa kalmar sirri, kuma ba ka nemi in bar maka ita ba. Wanda hankalinsa ke kan injin kawai ba zai tuna da wannan ba sai bayan an gama gyara, mai kaya ya tsaya yana kallon kwamfuta mai rai da fayilolin da ba zai iya buɗewa ba.

Bayanin da ka yi mini a kan ciwon shi ma ya zauna mini. BIOS, wanda a kwamfutocin yanzu ainihin sunansa UEFI, shi ne manhajar farko da ke tashi idan an kunna injin. Shi ke shirya furosesa da ram da fuska kafin Windows ya samu wurin tsayawa. Yana zaune ne a cikin wani ɗan ƙaramin cif mai ƙafa takwas a jikin madabod. Idan ana filashin, sai an goge tsohon rubutu sashe-sashe kafin a zuba sabo, don haka in wuta ta yanke a tsakiya, abin da ya rage wani sashe sabo ne, wani tsoho, wani babu. Ka kwatanta shi da allon aji da aka goge, malami ya fara sabon rubutu aka tashe shi: allon bai karye ba, rubutun ne bai cika ba.

Duk da kun gane ciwon tun daga alamominsa, ba ku yi tsalle zuwa babban aiki ba. Kun cire caja da batir, kun cire ƙaramin batirin CMOS, kun gwada wani ram, kun jona ta da wata fuska ta waje. Yaron da ke koyon aiki ya ce mini cire batirin CMOS saituna da agogo kawai yake gogewa, ba ya dawo da manhajar da ta katse, amma ana gwadawa domin kada a buɗe aiki babba alhali ƙaramin abu ne. Sai kuka nemi hanyar ceto da wasu kamfanoni ke ginawa a cikin kwamfutocinsu. A yawancin na HP ana riƙe maɓallin Windows da B a danna na kunnawa, a na Dell kuma Ctrl da Esc yayin da ake jona caja, sau da yawa tare da filash na USB da aka tsara da tsarin ajiya na FAT32 ɗauke da fayil ɗin BIOS. Wannan hanya tana aiki ne idan ɗan sashen da ke fara tashi bai taɓu ba. Kun gwada ta irin kwamfutata, ba ta amsa ba.

A nan ne 'yar'uwa injiniya ta karɓi aikin, kuma a nan nake so in daɗe, domin abin da na gani a hannunta shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ta sa madubin ƙara girma ta karanta rubutun da ke bayan cif ɗin: na kamfanin Winbond ne, 25Q128, mai ɗaukar megabait 16. Ba ta tsaya a nan ba, sai da ta duba haruffan ƙarshen lambar a takardar bayanin cif ɗin, domin irin wannan akwai mai aiki da ƙarfin wuta na bolt 3.3, akwai mai 1.8, kuma ido ba ya bambance su. Ta kuma ce na'urar karanta cif da rubuta shi da aka fi amfani da ita, CH341A, wasu daga cikin allunanta suna tura bolt 5 ta layukan bayanai, abin da ke iya cutar da cif ɗin da ba a yi shi don haka ba. Ta ɗora mita ta auna tata a gabana kafin ta jona. Na tambaye ta ko ba ta riga ta san na'urarta ba, ta ce, "Yaya, na sani, amma kayanka ne a kan teburin."

Ta fara da kilif mai kama ƙafafun cif ɗin yana nan a wurinsa. Ta karanta, ta sake karantawa, ta gwada sakamakon biyu, suka saɓa. Ta ce sauran kayan madabod suna jan wutar da ake ba cif ɗin, don haka karatun ba abin dogaro ba ne. Sai ta rufe ƙananan kayan da ke kewaye da tef mai jure zafi, ta sa na'urar iska mai zafi ta ɗaga cif ɗin a hankali, bayan ta yi alamar inda ƙafa ta ɗaya take. A waje ta sake karantawa har karatun ya zo iri ɗaya, ta adana shi a wuri biyu. Sai bayan duk wannan ta fara maganar rubuta wani abu.

Na yi mamakin a adana abin da aka ce ya lalace. Ashe a cikin wannan lalataccen fayil akwai abubuwan da na wannan injin ne shi kaɗai: lambar siriyal ta kwamfutar, da lambar shaidarta, da makullin lasisin Windows, wanda tun fitowar Windows 8 a 2012 kamfanoni ke dasa shi cikin BIOS maimakon manna shi a takarda a ƙarƙashin injin. Haka kuma a kwamfutocin Intel cif ɗin kashi-kashi ne: akwai sashen da ke bayyana tsarin rabon, akwai na Management Engine (wani ƙaramin tsarin Intel da ke kula da injin a bayan fage), akwai na BIOS ɗin kansa. Fayil ɗin da kamfani ke bayarwa don sabuntawa sau da yawa ba cikakken hoton cif ba ne, wani yanki ne a naɗe cikin wata manhaja. Wanda ya ɗauke shi ya zuba kai tsaye ya ƙara ɓata lamari. Wanda kuma ya sauko da fayil ɗin kwamfutar wani daga intanet ya rubuta a kan nawa ba tare da ya karanta ba, wataƙila injin ya tashi, amma da siriyal ɗin wani, babu lasisi, kuma idan sashen Management Engine bai dace ba wasu kwamfutoci sukan yi jinkirin tashi ko su riƙa kashe kansu bayan minti 30. Mai kaya zai karɓa yana murna, matsalar ta bayyana daga baya, ba kuma hanyar komawa tunda asalin ya goge.

Ita kuwa ta sauko da fayil ɗin daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ta tabbatar da lambar madabod ɗin ta yi daidai, ta warware shi ta ciro sashen BIOS, ta duba tsarinsa da wata manhaja mai suna UEFITool. Ta maye gurbin sashen da ya katse kaɗai, ta kwaso bayanan da suke na injina ta mayar da su mazauninsu, sauran sassan da suke lafiya ta bar su yadda suke. Ta rubuta, ta sa na'urar ta tantance abin da aka rubuta, ta mayar da cif ɗin da dalma. A ganina wannan shi ne bambancin mai gyara da mai gwaji. Aikin ya fi cin lokaci, ba kuma wanda zai san an yi shi ko ba a yi ba, ni kaina da ban zauna a wurin ba da ban sani ba.

Kafin a kunna, Malam ya ce kada gabana ya faɗi idan fuska ta daɗe baƙi, domin a tashin farko injin yakan tsaya ya daidaita ram, har ma ya kashe kansa ya sake kunnawa. Haka aka yi. Tambari ya fito, BitLocker ya nemi lambarsa kamar yadda aka faɗa, na ciro takardata na shigar. Komai na nan inda na bar shi. Ba ku sallame ni nan take ba, sai da kuka gwada caji da fanka da madannai da intanet, kuka nuna mini siriyal ɗin cikin BIOS ya yi daidai da na jikin kwamfutar, Windows kuma yana da lasisinsa. Kuka sa mini fayil biyu a filash, tsohon karatun da wanda aka gyara, kuka ce in ajiye ko da wata rana wani mai gyara zai buƙace su, ko da ba ku ba ne. Wannan kyautar ta taɓa ni ƙwarai, domin da kun riƙe su da dole wurinku zan dawo.

Akwai wata magana da na yi wadda Malam bai bari ta wuce ba. Na ce daga yau ni da sabunta BIOS har abada. Ya ce a'a, ta wannan hanya ake toshe wasu ɓarakokin tsaro, ya ba ni misali da Spectre da aka bayyana a farkon 2018, wanda wani ɓangare na gyaransa ta sabunta BIOS ya iso ga mutane. Ya ce tushen matsalata batir ne, shi ya kamata a canza, aka kuma canza. Ya ƙara da cewa in zan sabunta in tabbatar batir ya cika kuma caja na jone, in dakatar da BitLocker na ɗan lokaci, in ɗauko fayil daga kamfanin kawai kuma na ainihin samfurin injina, sannan in cire hannuna gaba ɗaya har ta gama ko da ta yi kamar ta tsaya. Sabuntawa ta gaba da ta zo haka na bi, ta wuce lafiya.

Malam, na gode da gaskiyar da ka faɗa mini tun farko cewa ba ka yi alkawarin za ta tashi ba, amma za ka faɗa mini duk abin da aka gani, kuma ka cika. 'Yar'uwa injiniya, na gode da natsuwarki da haƙurin amsa tambayoyina kina tsakiyar aiki mai buƙatar hannu ya tsaya cak. Ƙanina mai koyo, na ga yadda kake jera kowane sukuru a gurbinsa kana kallon hannun yayarka, ka riƙe wannan da kyau. Roƙona gare ka Malam shi ne ka ci gaba da ɗaukar yara kana koya musu wannan aikin na cif da mita, domin masu iya shi ba su da yawa, masu buƙatarsa kuwa suna ƙaruwa.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya sa albarka a sana'arku, Ya ƙara basira da lafiyar ido, Ya kare ku da iyalanku.

Wassalam,
Naku, wani malamin makaranta daga cikin abokan cinikinku.