Wasiƙa zuwa ga Inna bayan jana'izar Kawu

Aboabo, Kumasi

Inna,

Gaisuwa da ladabi cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya ƙarin haƙuri? Yaya ƙafar taki? Ranar da na kira ki kuka bai bar mu mun ji juna ba, shi ya sa na ce gara in rubuta, Auta ta karanta miki a tsanake.

An binne Kawu ranar Asabar da ta wuce, amma sai da aka kai ruwa rana. Dangin matarsa Tonawa ne, haka 'yan zango ke kiran mutanen Asante. Su gawa takan yi wata biyu ko uku a ɗakin sanyi na asibiti, ana jiran na Ingila da na Amurka su iso. Shi kuwa tun yana da ƙarfinsa ya sha cewa shi Bazazzagi ne, kada a mai da shi kifin firji. Matarsa ta tsaya kai da fata, aka sasanta a kan kwana goma sha biyu. Da yake ya haura saba'in, fari da baƙi aka sa maimakon ja da baƙi, wato ya yi tsawon rai, sai godiya.

A majami'ar St. Cyprian aka yi sujada, inda ya fi shekara arba'in yana zagawa da kwanon baiko. Da Tonanci da Turanci ake waƙa a can. Shi dai idan muryar ta yi daidai da wata da ya koya a St. Bartholomew ta Wusasa, sai ya bi su da Hausa ƙasa-ƙasa. Ina farkon zuwa abin yana ba ni kunya. Ranar Asabar na ji bakina yana yi ban sani ba.

Makanikan Suame Magazine, unguwar garejojin Kumasi, sun zo da yawa, wasu da baƙin mai a farce. Wani mai furfura ya riƙe hannuna ya ce Masta, wato Kawu, bai taɓa cire sabon ƙarfe daga motar mutum ya sa tsoho ba, kuma da ya kama shi yana yi, kunnensa ne ya ji a jika. Wannan ma gaskiya ce, Kawu yana da zafin hannu, ni shaida ne. Maƙwabtanmu Musulmi su suka kafa rumfuna, matansu suka kwana dafa shinkafa da wake.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin sha cewa yayanki ya manta gida, Kumasi ta cinye shi, sau biyu kawai ya taka Zariya tun tafiyarsa. Ni ma haka na ɗauka. Da muka buɗe akwatin sifanunsa, sai muka tarar da littattafan rubutu guda huɗu, irin na 'yan firamare, an naɗe a leda. Na farko ya fara daga ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. Abokan zuwansa duk suka hau motoci, shi ubangidansa ya ɓoye shi a gareji har ƙura ta lafa. Matar Kawu ta ce tun daga nan yake tsoron tsallaka iyaka, kada ya fita a hana shi komawa wurin 'ya'yansa.

Duk haihuwar da aka yi a gidanmu tana ciki, da rana da suna. Duk kuɗin da ya aiko ta hannun fataken goro yana ciki, har da kuɗin makarantata da na ɗauka Baba ne ya biya. Ke kin sani, Inna? Sunayen ya raba su bisa kwanakin mako, na kowace rana yakan yi musu addu'a da asuba kafin ya fita neman mota. Ke ranar Talata kike. 'Yar Auta da aka haifa bara ita ce ta ƙarshe, rubutun ma ya karkace, don idon ya riga ya yi rauni.

'Ya'yansa sun yarda in aiko miki da littafi na farko, da Littafi Mai Tsarki nasa na Hausa, wanda bangonsa ya fita ya ɗinke da zaren takalmi. Wani direba zai taso Kano ƙarshen wata, zan ba shi lambar Auta. Sauran ukun suna wurin babbar 'yarsa, ta ce in riƙa zuwa ina karanta mata, don Hausarta ta kasuwa ce.

A gaida Baba, a gaida Rabaran da zumuntar mata, a yi musu godiyar zaman makoki.

Ɗanki na Kumasi