Zaure na ɓacewa daga sababbin gidajenmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana magina, da masu zana gidaje, da kuma masu ba mu aikin.

Ni magini ne a birnin Zariya, kuma gado na yi. Da tubali da azara na fara, yau bulo da siminti ke ci da ni, ba na kuwa raina su. Abin da ke damuna shi ne zanen da ake miƙo mana yanzu, da wuya ka ga zaure a ciki. Doguwar katanga ce da waya a kai, sai ƙofar ƙarfe, sai wurin ajiye mota. In na tambaya, maigida ya ce fili ya yi tsada, gara ya fitar da shago.

Gaskiyarsa, amma a tuna aikin da zaure ke yi. Magabata ba sa yarda ƙofar shigowa ta kalli ta wucewa ciki, don baƙo ya zauna a mutunce, idonsa bai kai kan matan gida ba. A nan malam ke ba da karatu bayan Asuba. A nan ake ciyayya da magariba, kowa ya fito da kwanonsa, wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya sa hannu, babu wanda ya gane. Matafiyin da dare ya yi wa ba ya rasa tabarma. Yau ko zaman makoki ne sai an kafa rumfa an tare titi, baƙo kuwa yana tsaye a rana yana buga waya a buɗe masa.

Mu Zazzagawa muna alfahari da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Har gobe masana gini na zuwa kallon yadda ya ɗaure baka, wato lanƙwasar da ke riƙe rufi, da ƙasa da azarar giginya, wadda gara ba ta ci. To, yara nawa ne a cikinmu suka iya ɗaurin guga, wato rufin da ake yi da bakuna masu giciye juna, ko haɗa makuba, shafen bango da ake yi da ɓawon ɗorawa? Maƙwabtanmu na Agadas sun riƙe tsohon garinsu, har UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Ba cewa nake a koma ginin ƙasa ba; wanda ya taɓa yin yaɓe kafin damina ya san wahalarsa. Roƙona biyu ne. Masu zane su riƙa fitar da zaure ko da ƙarami ne, na bulo ma ya isa, a haɗa masa dakali a waje. Makarantun koyar da zanen gini kuma su nemi tsofaffin maginan da suka rage, su zaunar da ɗalibai gabansu tun suna da ƙarfin hawa tsani.

Na gode.

Wani magini,
Birnin Zariya.