Godiya Ga Ma'aikatan Gandun Tsuntsaye Na Dagona

Zuwa ga Shugaban Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, Maiduguri, da dukkan ma'aikatansa na sashen Bade da Nguru, musamman masu tsaron tafkin Dagona.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki, na rubuto ne domin in gode wa mutanenka da ke Dagona, a Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe, saboda irin karɓar da suka yi mana. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Kano, kuma a hunturun da ya wuce na kawo ɗalibaina na ajin ƙarshe su ga da idonsu abin da nake zana musu a allo. Na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a ne don da yawa daga 'yan uwana malamai ba su san akwai wuri irin wannan a tafiyar yini ɗaya daga Kano ba.

Tun kafin mu taso, ma'aikacin da muka yi magana da shi ya ba mu shawarar mu kwana a Gashuwa, mu yi sammako bayan sallar asuba, mu kuma gaya wa yara kada su sa tufafi masu ƙyalli. Da muka iso mun tarar suna jiranmu cikin sanyin nan mai ratsa ƙashi. Sun rubuta sunayenmu, suka raba yaran ƙananan rukunoni, kowane rukuni da mai jagora, suka ba mu aron tabaron hangen nesa da suke da su. Tabaron ba su kai yawan yaran ba, amma sai da suka tabbatar kowane yaro ya riƙe ya duba, har da 'yan matan da suka noƙe a baya saboda kunya. Wani dattijo a cikinsu ya tsaya kan wata ɗalibata yana nuna mata yadda ake murza abin har hoto ya fito sarai, bai ƙosa ba, yana cewa, “'Yata, a hankali, tsuntsun ba gudu zai yi ba in dai ba ki yi motsi ba.”

Abin da muka gani ya wuce yadda na kwatanta musu a aji. Garken kirinjijiya na tashi da fito ya sake sauka. Ga dinya da girmanta a bakin ruwa, ga zalɓe tsaye yana dakon kifi, ga jinjimi da balbela a cikin ciyawa, ga wani ɗan tsuntsu mai dogayen yatsu yana takawa a kan ganyen bado ba ya nitsewa. Cikin bagaruwa da giyayya mun ji zabin daji, kuma a hanyar komawa jan biri ya gilma mana. Amma baƙin tsuntsaye masu zuwa daga nesa ne suka fi ɗauke hankalin yaran. Jagoranmu ya nuna musu wata ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke da farin layi a saman ido, da wata mai dogon wuya da siririyar wutsiya, ya ce waɗannan a Turai da Rasha suke ƙwai su ƙyanƙyashe. Idan sanyi ya daskarar da ruwan can sai su taso, su ƙetare tekun Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru wajen watan Oktoba, su zauna har wajen Maris. Wani yaro ya ce yaya aka yi aka sani? Sai ya yi masa bayanin zoben da masu bincike ke sa wa tsuntsu a ƙafa mai ɗauke da lamba da sunan ƙasa, ta yadda in an sake kama shi a wani wuri za a san inda ya fito. Ya kuma tuna musu da shamuwa, wadda kowane ɗan Hausa ya san zuwanta alamar damina ce: ita kudancin Afirka take tafiya a daidai lokacin da waɗannan suke isowa. Na shafe shekaru ina koyar da ƙaurar tsuntsaye, ban taɓa ganin yara sun kama darasin da sauri haka ba.

Ranka ya daɗe, ba ilimin tsuntsaye kaɗai na yaba ba. Mutanenka sun san ruwan da suke tsaro, sun san asalinsa. A kan yashi ɗayansu ya zana mana kogin Haɗeja da ke tasowa daga wajenmu, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗe, da kogin Jama'are da ke gangarowa daga tsaunukan Jos. Ya nuna yadda suke bazuwa cikin fadamu tsakanin tsofaffin tudun yashi, sannan su tattaru su zama kogin Yobe mai zubawa a Tafkin Chadi. Tafkin Dagona kansa tsohuwar lanƙwasar kogi ce da ta yanke ta zauna, ambaliyar damina ce ke cika ta. Daga nan ya zo kan batun da ya shafe mu kai tsaye, mu mutanen Kano, kuma ya faɗe shi cikin ladabi ba tare da ɗora wa kowa laifi ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ga kuma fari da aka yi a shekarun 1970 da 1980, ambaliyar da ke shayar da fadamun nan ta ragu ƙwarai. Ruwan da da yake zuwa da ƙarfi a damina ya janye da rani, yanzu sakinsa ake yi kaɗan-kaɗan kusan duk shekara, kuma wannan shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Nguru, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu faɗa wa shinkafa da gero. Ɗalibaina suna cin tumatir da shinkafar Kadawa da Kura, waɗanda ruwan Tiga ke shayarwa. A ranar suka gane cewa ruwan nan yana da masu jiransa a ƙasa: manomin shinkafa na Bade, da masuncin da ke neman tarwaɗa da karfasa, da Bafulatanin da ke kawo shanunsa kiwon rani, da agwagwar da ta taso daga wata nahiya. A ganina wannan bayani ya kamata ya kai kunnen duk mai hannu a buɗe madatsun nan da rufe su.

Na kuma lura da yadda ma'aikatanka ke zaune da mutanen ƙauye. Tsaron wuri irin wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin wanda ake hana shi shiga da taru ko gatari ba baƙo ba ne, maƙwabci ne mai iyali, kuma a bakin ruwan nan aka haifi kakanninsa. Mun ga suna gaisawa da masunta da makiyaya da sunayensu, suna tambayar gida da dabbobi. Da wata ɗaliba ta tambaya ko kama mutane suke yi, jagoranmu ya ce akwai doka kuma ana aiki da ita, amma yawancin aikinsu zama ne da masu unguwanni da dattawa a yi magana, domin in mutanen gari ba su yarda ba, ba yawan ma'aikatan da zai iya kare tafkin. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Wurin nan yana da daraja a idon duniya tun ba yau ba. Aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru ya fara ne a 1987 da haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare muhalli na gida da waje. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila Elizabeth, ya zo Dagona a 1989 lokacin yana shugabantar WWF, ƙungiyar kare namun daji ta duniya. An kafa gandun da kake shugabanta a 1991. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a 2000, sannan Dagona da Baturiya ta Jihar Jigawa suka biyo baya a 2008. Ma'aikatanka ne suka karanto wa yara waɗannan shekaru da ka, kuma da alfahari suka faɗe su. Sai dai suna a takarda ba ya hana mafarauci ɗana tarko. Mutanen da ke kwana a bakin ruwa cikin sauro da sanyi, nesa da iyalansu, su ne suke hanawa, kuma su ne na fi so wannan godiya ta isa gare su.

Ina roƙon shugabannin makarantu na Kano da Jigawa da Yobe da Bauchi su sa Dagona cikin tsarin ziyarar ɗalibai, su zo tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da baƙin tsuntsaye suka cika, su kuma tuntuɓi ofishin gandun kafin su taso domin jin halin hanya. Masu hali da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuwa, gudummawar tabaron hangen nesa da littattafan gane tsuntsaye za ta yi amfani sosai a can. Mu a makarantarmu yara sun kafa ƙungiyar kallon tsuntsaye bayan dawowarmu, suna rubuta abin da suka gani a kududdufai da gonakin bayan gari, kuma ajin da ke biye da su sun fara tara kuɗin mota.

Don Allah, ranka ya daɗe, a isar da gaisuwarmu ga kowa da kowa a Dagona, har da direban da ya bi mu a baya don kada motarmu ta kafe a yashi, da mutanen ƙauyen da suka ba mu wurin alwala da salla. Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare ku a bakin aikinku, Ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Malamin labarin ƙasa, a madadin ɗalibai da iyayensu, daga Kano.