Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Gombe Kan Ciwon Hanta da Kansar da Yake Jawowa

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Mu talakawanka ne mazauna Bolari, Pantami da Jekadafari, cikinmu akwai limamai, malaman makaranta, ungozomai da 'yan kasuwa. Abin da ya kawo mu ƙofar fada shi ne yadda muke binne magidanta masu jini a jika da ciwo iri ɗaya. Ido ya yi ruwan ɗorawa, ciki ya kumbura, jiki ya rame. Dangi su ce shawara ce, wasu su ce sammu, a yi ta jiƙe-jiƙe. Ranar da aka kai asibiti, likita ya ce kansar hanta ce, kuma ta riga ta ci ƙarfinsa.

Ranka ya daɗe, masana sun daɗe da gano babban sanadin wannan ciwo, wato ƙwayar cutar hanta nau'in B. A 1981 aka fitar da sakamakon wani bincike a ƙasar Taiwan da ya bibiyi maza sama da 22,000, aka ga cewa mai ɗauke da ƙwayar ya fi wanda ba ya da ita haɗarin kamuwa da kansar hanta fiye da ninki 100. Tana iya zama a jiki shekara 20 ko 30 ba wata alama, tana kumbura hanta, hantar na lalacewa tana farfaɗowa har ta cika da tabo, daga nan kansa ta samu wurin tsira. Da Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafi a 1984, kansar hanta ta ragu sosai a tsakanin yaranta. A nan gida, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da ƙwayar, kusan mutum 1 cikin 12.

Babban abin da ke damunmu shi ne jarirai. Baligi idan ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta, amma jaririn da ya ɗauka daga mahaifiyarsa wajen haihuwa, 9 cikin 10 za su zauna da ita. Allurar da ke hana wannan kyauta ce, tana cikin rigakafin yara tun 2004, sai dai ta farko ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Mu kuwa matanmu da yawa a gida suke haihuwa, kuma ba a fita da jinjiri sai bayan suna, wasu ma sai an yi arba'in. Wanda ya yi ƙoƙari ya kai da wuri, wani lokaci a ce masa ya dawo ranar rigakafi. Lokacin da masarauta ta sa baki a yaƙin shan inna, kowa ya ga yadda al'amari ya canja. Muna roƙon a sake yin haka: kowace ungozoma ta sanar da mai unguwa haihuwa a ranar, shi kuma ya haɗa gidan da ma'aikacin lafiya. Muna kuma roƙon Mai Martaba ya yi mana magana da hukumar lafiya a matakin farko ta jiha, a riƙa samun allurar kowace rana, har Asabar da Lahadi.

Ƙwayar na bin jini, don haka a tara wanzamai da masu yankan farce a fada, a daina amfani da aska ɗaya ga yara da yawa wajen kaciya, cire belu ko ƙaho. 'Yan hatsi su ma a ja hankalinsu kan gyaɗa da masarar da ta yi fumfuna, domin gubarta idan ta tarar da ƙwayar a hanta haɗarin ninkuwa yake.

Limamanmu sun riga sun saba da neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure. A ƙara da na hanta, amma kada ya zama dalilin raba aure ko tsangwama. Wanda ba ya da ƙwayar sai a yi masa rigakafi, mai ita ya ga likita, akwai magani da ke danne ta. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya ko musabaha, kuma muna son a riƙa faɗin haka a huɗuba.

Kansar bakin mahaifa ma ƙwayar cuta ce ke jawo ta, ana ce mata HPV, kuma allurarta ta iso Gombe a 2024 don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Wasu iyaye sun janye 'ya'yansu saboda jita-jitar hana haihuwa. Maganar Sarki za ta kwantar musu da hankali fiye da tamu.

A shirye muke mu zo fada duk ranar da aka ba mu dama, tare da ungozomanmu da limamanmu.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
Mazauna Bolari, Pantami da Jekadafari, Gombe