Amsa ga Alhajin da ya tambayi dalilin kawo labaran duniya cikin ajin tarihi

Assalamu alaikum, Alhaji.

A taron iyayen yara na ranar Asabar ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni dalilin da ya sa nake cinye lokacin darasin tarihi da labaran duniya, alhali jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare tana gaban ƴaƴanku, ka kuma ce kana tsoron kada aji ya koma dandalin siyasa. Lokaci ya ƙure ban ba ka cikakkiyar amsa ba, kuma tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan ya dace in amsa ta.

Minti goma nake warewa, sau ɗaya a mako, kuma abin da ya sa na fara a kan idonka ya faru. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi cirko-cirko tsakanin Jibiya da Ɗan Isa. Da muka koma makaranta a watan Oktoba, wata yarinya da mahaifiyarta Bakatsiniya ce ta ɗaga hannu ta tambaye ni wanda ya ja layin nan da ya hana su zuwa suna a gidan kawunta. Sai na ajiye abin da na shirya, na zana taswira a allo, na nuna musu layin da Ingila da Faransa suka shata a 1890 daga Say zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, da yadda suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, a Landan da Paris, a hannun mutanen da ba su taɓa shan ruwan Gulbin Maraɗi ba. Daga nan muka koma baya zuwa 1807, lokacin da masu jihadi suka ci Birnin Katsina, sarakunanta suka yi arewa har zuriyarsu ta kafu a nan Maraɗi, abin da ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Shekara da shekaru ina koyar da rabon Afirka, yara suna haddacewa suna mantawa, amma ƴan wannan aji sun riƙe shekarun nan har ƙarshen zango, domin sun ga layin ya ratsa ta tsakar gidansu.

Haka yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a watan Fabrairu 2022: ta tsadar taki da fulawa muka shiga, muka ɓulle a rushewar Tarayyar Sobiyat ta 1991.

Batun siyasa kuwa, tsoronka yana kan hanya. Idan muka zo kan kafa ƙawancen ƙasashen Sahel na AES a Satumba 2023, ko ficewar sojojin Faransa a Disambar wannan shekara, ko ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, ranaku nake ba su da abin da kowane ɓangare ya faɗa, ra'ayina kuma in bar shi a gida. Ƙa'idar ajin ita ce duk wanda ya kawo labari sai ya faɗi wanda ya ba da shi da ranar da aka ba da shi. Wani yaro ya taɓa ba mu labarin bidiyon da ya gani a WhatsApp, wai faɗan jiya ne a kan iyaka. Da ƴan'uwansa suka matsa masa da tambaya, shi da kansa ya tuna cewa mutanen ciki sanye suke da rigunan sanyi, mu kuwa muna tsakiyar zafin Afrilu.

Inda ka fi ni gaskiya shi ne lokaci, domin sau da yawa minti goman nan yakan zarce ya kai rabin awa, kuma laifina ne. Yanzu na ɗora wa shugabar aji riƙon agogo. Ranar Alhamis za mu tattauna layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, mu kwatanta shi da hanyoyin fatake na da, kuma akwai gurbi a bencin baya idan hidimar kasuwa ta bar ka.

Wassalam,
Malamin tarihi, Maraɗi