Jarin sana'ar man shafawa ya wuce abin da ake faɗa wa mata ranar yaye su

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan sana'ar da nake ci da ita yau shekara huɗu, wato haɗa man shafawa da sabulun wanka. Da wuya wata ya wuce ban karanta labarin an yaye mata ɗari kaza da aka koya wa haɗa mai da sabulu da turare ba. A ba kowacce bokiti da 'yan sinadarai da kuɗin da bai wuce na cefanen mako ba, a ce ta je ta dogara da kanta. Ni ma ta wannan ƙofa na shigo, kuma har gobe ina yi wa waɗanda suka koya mini addu'a. Sai dai akwai lissafin da ba a yi mana a aji ba, kuma rashin saninsa ne ke durƙusar da mata.

A 2021 na kwashi adashi na naira dubu 300. A lokacin na ɗauka kuɗin za su ishe ni har in yi ragowa, domin a tunanina man kaɗe ne babban abin saye, kuma ina da ƙanwar mahaifiyata a jihar Neja da ke aiko mini da shi ta tasha, mai kyau, wanda matan ƙauye suka dafa da hannunsu. Ashe shi ne mafi sauƙi a cikin kayan. Ranar da na shiga kasuwar Sabon Gari neman robar zubawa na fara gane inda aka dosa. Robar da ake sayarwa dozin-dozin ita ce wadda kowa ke zuba nasa a ciki, kayanki ba za su bambanta da na maƙwabciyarki ba. Wadda za ta sa mace ta ɗauka ta juya ta karanta kuwa, sai kwali guda za a sayar miki. Haka mai buga sitika, ya ce ba ya kunna inji a kan ɗari biyu. Na fara buga ta takarda don sauƙi, mai ya taɓa ta, rubutun ya caɓe tun kayan ba su bar gida ba, dole na koma wadda ruwa da mai ba sa ɓatawa. Da na zauna da biro da littafi, sai na tarar a ƙaramin mazubi, roba da murfi da sitika sun fi man da ke ciki tsada.

Sai kuma asarar koyo, wadda ba mai sa ta a lissafi. Duk man da aka haɗa da ruwa yana buƙatar sinadarin hana lalacewa a kan ma'auni daidai, kuma da sikeli ake auna shi, ba da cokali ba. A wajen koyo da cokali aka nuna mana. Haɗina na biyu, roba 80, ya yi funfuna cikin mako uku, na zubar da shi duka, na kuma bi waɗanda suka saya gida-gida na mayar musu da kuɗinsu. A zafin watan Afrilu kuma man kaɗe zalla ya narke mini a ɗaki, da ya sake daskarewa ya yi tsaki-tsaki, ba wadda za ta yarda ta shafa. Wanda ya san bazarar Kano ya san ba a ajiye irin wannan kaya a ɗakin da babu iska, iskar kuma sai da wuta ko man janareta.

Yanzu ga inda nauyin yake. Mace za ta iya sayar wa 'yan unguwa da ƙawaye ba tare da takarda ba, amma ranar da ta so kayanta su hau kantar babban kanti ko shagon magani, tambayar farko ita ce lambar NAFDAC. Kafin nan sai ta yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Da yawa ba su san wannan rajistar ba ta kare sunan da ke jikin roba ba, shi sai an yi masa rajistar tambari daban a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari. Ita kuma NAFDAC, kowane kaya da lambarsa: man shafawa daban, sabulu daban, man gashi daban, kuma bayan shekara biyar a sabunta. Ba ta bayar da lamba sai jami'anta sun zo sun ga wurin da ake haɗin, an kuma kai samfuri ɗakin gwaji. Ba ni da ja da wannan ko kaɗan, domin abin da muke haɗawa har jikin jarirai ake shafa shi. Amma ma'anarsa ita ce tsakar gida da madafi ba za su yi ba. Sai na kama shago mai ciki biyu, na sa tayil, na gyara silin, na jawo ruwa, na sa raga a taga, na ware wajen ajiyar kaya da na haɗi. Hayar shekara da gyaran nan kaɗai sun haura jarin da na fara da shi gaba ɗaya. Sai da na sayar da 'yan kunnen zinarin da mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya saya mini lokacin aurena.

Ina cikin wannan aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, a watan Yuni kuma aka saki naira. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Man ƙamshi, gilisarin, kakin da ke haɗa mai da ruwa, sinadarin hana lalacewa, duk daga waje ake shigo da su, su sauka Legas, sannan mota ta kawo su Kano. Sai ki sayar da kaya kaf, ki koma sari, ki tarar kuɗin hannunki ba za su sayi abin da kika sayar ba. A watan Agustan 2025 gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyar kaɗanya waje na wata shida domin a riƙa sarrafa ta a gida. Niyyar mai kyau ce, amma ko kyauta za a ba ni man kaɗe, ba a taɓa rabin kuɗin da nake kashewa ba.

Ban ma yi maganar talla ba, da kuɗin data, da ɗan sahun da zai kai kaya, da masu mabiya a Instagram da ke yanka kuɗi kafin su ɗaga robarki na minti guda. Ga 'yan uwa masu cewa "kawo in gwada", ga masu "zan turo ƙarshen wata".

Abin da ya fi ci mini rai, wanda kuma shi ya sa na kasa yin shiru, shi ne inda matsin nan ke kai wasu. Idan jari ya maƙale, haya ta zo, sai mace ta lura tambayar da kwastomomi suka fi yi ita ce "yana sa haske?" da "kwana nawa zan ga canji?" Man kaɗe mai tsabta yana gyara fata, yana maganin kaushi da faso a hunturu, amma ba ya mayar da baƙa fara. Wata da muka yi koyo tare, mace mai kirki mai marayu uku, da ta ga kayanta sun yi kwantai sai ta fara matse man bututu na magani mai sitiroyid a cikin haɗinta, ta sa masa suna haɗin amare. Cikin wata biyu ciniki ya buɗe mata. Na ga ɗaya daga cikin masu saye bayan shekara: fatar ta yi laushi kamar za ta yage, nankarwa ta fito mata a hannu da cinya, gaɓoɓin yatsunta sun yi baƙi ƙirin. A Fabrairun 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, an kuma sha yin gargaɗi cewa mai ɗin da aka sa wa sinadarin makuri (mercury) yana lalata ƙoda. Waccan baiwar Allah mai haɗin amare ba muguwa ba ce. An koya mata haɗi, ba a koya mata lissafi ba, aka sake ta da bokiti.

Don haka nake kira ga gwamnatocin jiha da ƙananan hukumomi, da hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN, da masu hannu da shuni da ke ɗaukar nauyin irin wannan horo. Kuɗin da za a yaye mata 500 da su, a rage yawan, a gina ɗakin haɗi guda wanda ya cika sharuɗɗan hukuma, da ruwa da wutar sola da sikeli da injin gauraya, mata su riƙa kama shi da awa suna biyan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan zai ɗauke musu nauyin da ya fi kowanne. A kuma ware ko da kwana biyu a cikin horon don lissafi zalla: nawa roba ɗaya ta tsaya miki, har da haya da wuta da kuɗin mota da ladan wahalarki, kafin ki yanka mata farashi.

Mu bakwai a unguwarmu mun fara haɗa kuɗi muna sayen roba kwali-kwali muna rabawa, muna kuma kai aikin sitika tare, kuma mun ga sauƙi a fili. Ɗaki ne ya fi ƙarfinmu.

Roƙona na ƙarshe gare ka ne, Malam Edita. Wakilinku da ya je ɗauko labarin bikin yaye mata, ka sake tura shi bayan shekara guda, ya nemi waɗancan matan ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su nawa ne har yanzu suke haɗi, waɗanda suka bari kuma a kan wane kuɗi suka tsaya. Ku buga mana abin da suka faɗa.

Wassalam.

Taku mai karatu a kullum,
wata mai sana'ar man shafawa, Kano.